Har Yau Ni Ce Amarya

Mu 'yan coci ɗaya daga Germantown muka tafi hutu a jirgin ruwa. Da aka zo cin abinci, matar da ta tsara wurin zama ta nuna mana teburin yara, ni da maigidana.

Ta ce, "Amarya, ku sa musu ido, tunda ku ba ku da hidima."

Amarya! Ga furfura a kaina, amma don ba ɗan da za a kira ni da sunansa, har yau ni ce amarya. Iyayen na can suna shewa, ni ina yanka wa ɗan wata nama.

Washegari na riga ta zama a kujerarta. Da ta iso na ce, "Yaya, a garinku amarya ce ke raino?"