Kofin Ruwa a Jar Mota

Jiya da la'asar ina ƙofar gida a Akurba ina ɓarar gyaɗa, sai wata mota ta wuce da wani gurnani mai kauri, irin wanda a ƙirji ake jinsa kafin kunne. Na ajiye faifan. Ku da kuke saurarena, wannan murya na san ta tun ina 'yar shekara goma.

Babanmu bakanike ne. Garejinsa yana gindin mangwaro a bayan gidanmu cikin Lafia, kuma abin da ake kawo masa bai wuce a-kori-kura masu ɗaukar doya ba. To, wata shekara, damina ta ja baya, sabuwar doya ta cika kasuwa, sai wani Alhaji mai fataucin riɗi ya kawo tasa motar. Ja ce mai duhu kamar zoɓo. Ta kwanta a ƙasa har kaza sai ta sunkuya take shiga ƙarƙashinta. Hancinta dogo, tayoyinta masu faɗi, salansa biyu na fitar da hayaƙi a baya. Kujerun fata ne masu launin madara, gaban direba katako mai sheƙi, gilashi kuwa maɓalli ake taɓawa ya hau da kansa. Alhaji ya ce gudu kam tana yi, amma in ta tsaya sai ta kama rawa.

Kwana uku Baba yana kanta. Ya wanke filogi shida ɗaya bayan ɗaya, ya kwance kafireta ya busa, ya canja shokazoba. Sannan ya dafa sukudireba a jikin injin, ya kara kunnensa a ƙotar, ya lumshe ido, yana murɗa wata 'yar ƙusa kaɗan-kaɗan. Ban taɓa ganin ya saurari mutum haka ba.

Baba yana da al'ada. In ya gama gyara, sai ya cika kofi da ruwa, ya ba mutum ɗaya ya riƙe a kujerar baya, ya hau titi. In ruwan bai zube ba, aiki ya yi. Wannan karon har garin Obi za a je a dawo, washegari da safe. Ni ce babba, amma ƙanwata ya zaɓa.

Na ce, "Baba, ni fa?"

Ya ce, "Ke rawar kanki ta fi ta motar."

Tuwon ranar bai wuce mini ba. Da gari ya waye na sa zanena na Sallah, na tsoma yatsu a kwalbar manjan Inna, na ce wa ƙanwata ta zo in gyara mata ɗauri. Na shafe mata bayan zane sarai. Na san Baba ba zai bar manja ya hau kujerar nan ba, ni kuwa ga ni a shirye.

Ƙanwata ta kama ƙofar motar ke nan Baba ya ce, "Tsaya! Juyo."

Kaka tana kan tabarma tana tsintar wake. Ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Ke uwar wayo, yau Sallah ce kika sha ado? Nuna wa ubanki farcenki."

Jajir yake. Baba bai doke ni ba, da ma dukan ya yi. Cewa ya yi, "Kwance naki ki ba ta."

Haka na tsaya a gindin mangwaro cikin zane mai manja, ina kallon nawa a kujerar madara, har motar ta sha kwana. Da suka dawo kofin a cike yake, ko ɗigo babu. Washegari Alhaji ya ɗauki abarsa, ba ta ƙara dawowa ba, don Baba ya gyara ta da gaske.

Yanzu jikana ya ce na'ura ake jona wa mota ta faɗi ciwonta da kanta. Babu mai kara kunne, babu mai riƙe kofi. Ƙanwata ma ta yi jikoki a Ashige. Duk bikin sunan da ya haɗa mu sai ta ce, "Yaya, kin tuna sanyin cikin motar nan? Af, na manta, zanenki ne ya je." Mata su yi dariya, ni ma in taya su. Amma har yau ban tambaye ta yadda Obi take ta cikin gilashin nan ba, kuma ba zan tambaya ba.