Kalmar Siyam a Takardar Yayana

Wajibi ne a kan likita ya tabbatar majinyaci ya fahimci umarninsa kafin ya sallame shi. Yayana bai sami wannan haƙƙi ba.

Manomi ne, mai hawasha ɗaya, wato gonar auduga ta haya, a bakin tur'a, magudanar ruwan da ke shayar da gonakin ƙauyenmu na Jazira. Da ƙiba ta yi masa yawa, ciwon sukari kuma ya kama shi, sai ya haye kogi zuwa Rufa'a wajen wani likita mai zaman kansa. Likitan ya ba shi ƙwayoyin sukari da kwalbar bitamin, ya rubuta masa layi guda da Larabci: siyam na awa goma sha shida kullum. Bai ambaci ruwa ba, bai kuma tambaye shi abin da ya gane ba.

Yayana yana jin Larabcin kasuwa, amma ba ya karanta rubutun likitoci. Ni ke riƙe da rajistar makarantar ƙauyen, saboda haka wajena ya kawo takardar bayan la'asar.

"Ustaz, karanta muna. Mi dakta yac ce?"

"Ya ce ka yi azumi, Yaya. Awa goma sha shida kullum."

Ya kwashe da dariya. "Ko Ramalana ba ta kai haka ba. Wanga likita ya hi liman tsanani!"

"Za ka iya kuwa?"

"Ni da nika azumi tun kana yawo ba wando?"

Sai daga baya na san cewa abin da likitoci ke nufi daban ne: mutum ya jinkirta abinci, ya sha ruwa yadda yake so, a kuma daidaita masa magani. A wurinmu kuwa azumi ma'anarsa ɗaya ce tun kakanninmu da suka taso daga Sakkwato: ba ci, ba sha. Da yayana ya ga yini bai cika awa goma sha shida ba, sai ya riƙa haɗiye ƙwayoyinsa da shayi kafin alfijir, ya jinkirta buɗa-baki har bayan isha'i. Lokacin tuge karan auduga ne, tsakiyar bazara.

A rana ta tara matarsa ta same ni a ƙofar makaranta.

"Malam, leɓen ɗan'uwanka duk ya tsage, hannunai na rawa. Ka yi mishi magana, kai yaka ji."

Na ce mata likita ya fi mu sani. Haka na faɗa, ba zan sauya shi a nan ba.

A rana ta goma sha biyu ya faɗi a gona, taku kaɗan daga tur'a cike da ruwa. Maƙwabtan da suka ɗaga shi sun shaida mini cewa sun kai masa kofi baki, ya toshe bakin da tafinsa yana nuna musu rana. A asibiti aka ce sukarinsa ya faɗi ƙwarai, ƙodarsa kuma ta tsaya. Kwana huɗu ya yi ya rasu.

Bayan sadakar bakwai na koma wajen likitan da takardar. Ya duba ta, ya miƙo mini, ya ce kowa ya san wannan siyam ba na masallaci ba ne. Na tambaye shi wane ne kowa. Ya kira majinyaci na gaba.

Ina roƙon hukumar lafiya ta jiha ta buɗe bincike. A gano mutanenmu nawa aka rubuta wa wannan layi, da nawa ne ke binsa har yau da ƙwayoyin sukari a cikinsu, a aika musu wanda zai yi bayani da Hausa. A kira likitan ya amsa tambayoyi. A kira ni ni ma, domin daga bakina yayana ya ji kalmar azumi.