Glenys da Ƙuri'ar Naman Juma'a

Glenys Harrop ba ta taɓa shugabantar komai ba a garin Wirrabinda, amma shekara goma sha tara ita ke riƙe da ƙuri'ar nama a kulob ɗin tsofaffi masu mirgina ƙwallo a kan ciyawa. Kowace Juma'a da la'asar takan zaga ta sayar da tikiti, a zuba guntayen a bokiti, ta rufe ido ta zaro ɗaya. Mai rabo ya ɗauki tiren haƙarƙarin rago da naman shanu ya yi gida. Kafin ta zaro kuwa akwai ƙa'ida: sai ta ɗaga tiren sama ta ce, "A gode wa Des!" kowa ya tafa.

Des Kilpatrick shi kaɗai ne mahauci a garin, yana kuma cikin mutum shidan da suka ɗauki akwatin gawar mijinta. Amma da aka watse daga zaman makoki, wadda ta riƙa ƙwanƙwasa mata ƙofa kowace safiya har wata huɗu, ita ce Noelene, tsohuwar malamar firamare. Noelene na zaune da wata mace mai suna Fay shekara ashirin da shida, gida ɗaya, ɗaki ɗaya. Gari ya sani, gari ya yi shiru.

A shekarar da gwamnati ta aika wa kowa takarda tana tambaya ko a halatta auren jinsi ɗaya, Des ya manna babbar "A'A" a gilashin shagonsa. Wannan ra'ayinsa ne, da yawa sun manna. Sai dai shi ya ƙara da rubutun hannu a ƙasa: a kare yaranmu daga irin waɗannan.

Juma'a biyu kujerar Noelene ba kowa. Glenys ta tare Fay a ƙofar gidan waya.

"Ina tsohuwar taku? Gwiwar ce kuma?"

"Gwiwa lafiya lau," in ji Fay. "Ba za ta iya zama tana kallon ku kuna tafa wa Des ba ne. Ta ce kar in faɗa miki, to ga shi ban faɗa ba."

Ranar Alhamis Glenys ta tuƙa tsohuwar motarta kilomita sittin, ta sayo nama a wani gari. Da aka tambaye ta a kulob, ta ce naman Des ne ya cika kitse kwanan nan. Ƙarya ce, naman Des ya fi na kowa a yankin. Ta so ne ta riƙe Noelene ba tare da ta rasa Des ba, ta yi abin kirki a ɓoye kamar mai sata. A ranta tana kiran wannan zaman lafiya. In ta tsaya a gaban madubi kuwa, ta san sunansa tsoro.

Ta aika wa Noelene saƙo cewa an canza nama. Amsar ta dawo a taƙaice: "Na ji. An ce kitse ne."

A Juma'a ta uku da fara sayo naman waje, Des ya shigo kulob da kansa, ko rigar aiki bai cire ba. Ya tsaya a gaban tiren, ya ɗaga haƙarƙari ɗaya da yatsa biyu.

"Glen, wannan rago ne ko takalmin soja? Ni ne mai kitse, ko? Shekara goma sha tara, yau kika gano?"

Aka yi dariya, ita ma ta kusa bin su. Da ta yi dariyar, da shi ke nan magana ta mutu.

"Namanka ba shi da laifi, Des."

"To mene ne?"

"Rubutunka ne. Wa ta koya wa 'ya'yanka uku karatu? Wa ta zauna da Craig ɗinka bayan an tashi daga makaranta, shekara guda cur, don ya kasa bambance baƙi? Daga ita za ka kare su?"

"Haba Glen, ni ban ambaci sunan kowa ba."

"Mutum nawa ne a garin nan, Des? Ba sai ka ambata ba."

Wani tsoho daga baya ya ce, "Ku dai a zaro tikitin, haƙorana na jira." Ba wanda ya yi dariya. Des ya ajiye naman, ya goge yatsunsa a riga, ya dube ta tsawon lokaci.

"Da mijinki ne, da bai yi mini haka ba."

"Da bai yi ba," in ji ta. "Ni ma sai da na sha wuya kafin na iya."

Ya fita. Mutum biyar suka bi bayansa, biyu daga ciki har yau ba sa gaishe ta. Takardar ta ci gaba da zama a gilashi har aka gama ƙirga ƙuri'un ƙasa. Glenys ta zaro tikiti a ranar ba tare da an gode wa kowa ba, ta koma gida ta yi kukan Des, don ta san ta rasa shi.

Alhamis da safe ta fito da makullin mota za ta je sayo nama, sai ta tarar da Noelene jingine da ƙofar direba, riƙe da sandarta da gorar shayi.

"Malama, lafiya?"

"Zaga can. Na ga yadda kike tuƙi, ba zan bari ki mutu a hanya saboda ni ba, a ce na kashe bazawara."

"Da wannan gwiwar za ki taka burki?"

"Shiga dai, mai tsoro. Mako uku kika ɗauka kafin ki buɗe baki."

Glenys ta miƙa mata makullin.