Katin Inna

A gidanmu katin asibiti ɗaya ne, na Inna, mahaifiyata. Duk macen da jikinta ya ƙi daɗi sai ta zaro shi daga ƙarƙashin katifa ta tari keke. Ƙanwar Inna ta fi kowa morarsa. Daga Agwada take zuwa, ta amsa sunan yayarta a layi, a auna mata suga, ta koma gonarta. Har Allah ya yi mata rasuwa babu wanda ya gane.

Sai asibitin ya kwashe fayil-fayil ya zuba a kwamfuta. A lokacin yanar ido ta rufe wa Inna gani, sai ta lalluba take samun butarta. Aka sa ranar yi mata aikin ido. Likitan idon kuwa daga Abuja yake zuwa, da azahar zai bar Keffi, wanda ya rasa layi sai wani jiƙon.

Da safen aka auna Inna, lafiya lau. Amma likita ya dubi allo ya ce ga tarihin suga mai tsanani har da allura, ba zai taɓa idon ba sai an warware wannan saɓani.

Ni da ma ba haƙuri gare ni ba. Na sauka ofishin kati, aka ce babu netwok. Na hau, na sauko, na sake hawa, ina duba agogo ina jin haushin gidanmu kaf, har da mamaciyar, Allah ya yafe mini. Da netwok ya dawo na yi bayanin cewa sugan na ƙanwar Inna ne, sai ma'aikaciyar, wata 'yar kudu mai Hausar Sabon Gari, ta ce sai mai katin ta zo da kanta. Na riƙo hannun Inna muka sauko.

"Mama, in goge na wancan matar?" in ji ma'aikaciyar.

"Me aka rubuta, 'yata?"

Ta karanto mata: nauyinta, ciwon ƙafa, ranar da ta ce jiri na ɗibarta a gona. Ni ina ta cewa a goge mu tafi.

"A buɗe mini sabo," in ji Inna. "Wannan a bar mata. Ko hoto ba ta bari ba."

Kunya ta kama ni. Aka buɗe sabon kati, Inna ce ta ƙarshe da aka yi wa aiki a ranar.

Da aka cire mata bandeji, ta ce in kai ta ofishin kati a buɗe mata tsohon katin. Ta daɗe tsaye gaban allon tana kallo. Inna ba ta iya karatun boko ba.