Man Shanun da Aka Ce Ya Kwantar da Manaja

Ban manta ranar da Malam Sabi'u ya kira ni makashi a gaban ma'aikata ba, kuma ba zan manta ba. Ku da kuka zo kwanan nan, ku ji yadda aka yi.

Lokacin ni ne kuku a kamfanin shinkafar nan na Wudil, shi kuma mataimakin Manaja. Ka'ida ita ce abincin Manaja daban ake yi, ni nake kai masa da hannuna. Mutum ne mai son man shanu. In na rage sai ya ce, "Zuba, Ɗanjuma! An auna jinina, kitse mai kyau ya yi mini yawa, shi ke wanke jijiya. Zuciyata garau take."

Wata Laraba bayan azahar ya dafe ƙirji ya faɗi a ofis. Aka kwashe shi sai asibiti. Kafin la'asar Sabi'u ya tara mu a bakin sito, ya nuna ni da yatsa.

"Mutumin da gwajinsa ya fi na kowa kyau? Girkin wannan ne. Ajiye makullin kicin."

Dakatarwa ce, wato ka zauna a gida sai an neme ka. Har a Sabon Gari mai shayi ya daina haɗa ido da ni.

Duk da haka na je dubiya. Na tarar da likita a baranda yana yi wa yayar Manaja bayani, Sabi'u na tsaye a gefe. Ta ce mahaifinsu da wansu duk ciwon nan ne ya tafi da su. Likita ya ce to gado ne. Wani gidan ana haifar su da kitse mai kyau da yawa, amma ba ya kare su. Abinci yana da nasa, sai dai tushen a jini yake.

Na zaci gobe za a kira ni. Shiru. Ashe Sabi'u ya riga ya sa ƙanin matarsa a kicin.

Na same shi a ofis, ban zauna ba. Ya ce, "Lafiya, Ɗanjuma?"

Na ce, "Da kunnenka ka ji likita. Uban Manaja bai taɓa ɗanɗana girkina ba, kuma yana kabari. Kicin ku riƙe, surukinka ya ci lafiya. Amma a bakin sito ka ɓata ni, can za ka fito ka wanke ni. In ba ka iya ba, ni zan tara su in faɗa, kana tsaye."