Da Kular Ganyen Sanfulawa Zuwa Zariya

Badarawa

Ƙarfe biyar da rabi, ana sallame Asuba, na fito ɗauke da kula cike da ƙanƙara. Shekara uku ke nan ina aikin inganta irin sanfulawa, furen nan da ake matse mai daga 'ya'yansa. Burina in gano alamar jure fari a ƙwayoyin gadonsa, yadda tun yana tsiro za a san na kirki, ba sai an jira kaka ba. Keke-napep ya kai ni Kawo, na hau bas.

Rigachikun

Shida da kwata na iso gonar Baba Ilu, dattijon da ya ara mana fili. Kunya arba'in muka bi, ina yankar ganye ina sa wa kowanne lamba, bayana kamar zai ɓalle. A kunya ta goma sha bakwai muka daɗe, don ita kaɗai ba ta yanƙwane ba da ruwa ya ɗauke. Ya kawo koko da ƙosai, na sha a tsaye.

"Malam, bana dai za a faɗa mini wanda zan shuka?"

Na ce sai na'urar gwaji ta Zariya ta karanta ganyen. Ya ce bara ma haka na ce.

Hanya

Tara da rabi na samu mota. Kafin Jaji aka tsayar da mu a shinge. Jami'in ya ga ganye cikin ledoji, ya ce in sauko. Na nuna takarda, na yi bayani har yawuna ya ƙafe. Minti arba'in kular na buɗe a rana. Direba ya yi ta tsaki, daga baya ya sayo mini ƙanƙara wajen mai zoɓo.

Zariya

Sha biyu saura na shiga ɗakin gwaji. Hajiya Rabi, mai kula da na'urar, ta jera ledojin tana dubawa. Tara sun yi baƙi, har da na goma sha bakwai. Sakamakon sauran, in ji ta, sai bayan mako shida.

"Ka sake yanko tara ɗin nan ka kawo ran Alhamis, kafin ganyen ya tsufa."

Gida

Ana kiran Magariba na shigo Badarawa, ko takalmi ban iya cirewa ba. Na gode wa Allah, na gode wa direban nan da ban tambayi sunansa ba. Maiɗakina ta ɗauki kular za ta kai sito. Na ce ta bar ta nan bakin ƙofa.