Ba faskare ba ne, watsa ruwa ne

Shekarar da na gama lise, wato sakandare, a Filinge, malamin wasanninmu ya dawo daga Yamai da wani kulki mai santsi da ƙwallo fara mai tauri kamar goruba. Wai bezbol. Ya ce za a kai mutum tara gwaji babban birni. Takwas sun samu shiga, saura gurbi guda, ni kuwa ban taɓa wuce Baleyara da ke kan hanyar Yamai ba. Wallahi har cikin raina nake son gurbin nan.

Sai dai ban iya bugu ba. Kawuna mai walda ya ji tausayina, ya haɗa mini na'ura: ƙarfe kafe a tsohuwar taya cike da siminti, da sifirin na babur, da ƙwallo ɗaure a baki. Ka buga, ta kewaya ta dawo maka. Munka girke ta tsakar gida, kusa da turken awaki.

Kwana goma ina fama. In na kai bugu, ƙwallo ta duƙa ƙasa, sifirin ya yi ƙara, awaki su watse. Malam ya leƙo ya gani, ya riƙe baki.

"Kai, wannan ai faskare kake! Daga gefe ake bugu, ba daga sama ba."

To, ya zan yi? Tun ina ɗan shekara goma nake sarar icce. Hannu ya riga ya saba, in ya ɗaga abu sai ya sauke shi bisa. Rannan haushi ya kama ni, na yi jifa da kulkin, na ce a kai kasuwa.

Inna tana gefe tana wanki. Ko kallona ba ta yi ba.

"Ɗan nan, ƙarfi gare ka, dabara babu. Matsa, kar in jiƙa ka."

Ta ɗauki kwanon ruwan, ta kafa ƙafafu, ta murɗa ƙugu, ta watsa shi shaa, ya bazu har gindin bango. Na yi tsaye sororo. Hannunta bai ɗaga sama ba ko kaɗan, ƙugu ne ya yi aikin duka.

"Inna, sake in gani."

"Kai ka ɗebo mini ruwan?"

Na ɗebo kuwa, bokiti huɗu. Ta watsa, na watsa, ƙannena mata suna ta dariya wai yaya ya koma wanke-wanke. Sannan na ɗauki kulkin na murɗa ƙugu. Ƙwal! Ƙwallo ta kewaya ƙarfen sau uku kafin ta tsaya.

Ranar zaɓe na aika ƙwallo bayan katangar lakwal, wato makarantarmu, sai da anka shiga gonar mutane nemanta. Malam ya rubuta sunana na tara, ya ce wa ya gyara mini hannu. Na ji kunyar abokai, na ce na'urar kawu ce.

Har gobe ƙaryar nan tana cina. Da safen tafiya Inna ta miƙo mini ƙullin ƙuli-ƙuli, ta ce, "In ka je can, kar ka yi musu faskare." Na shiga mota ina dariya, idona cike da ƙwalla.